ALEXANDER VON HUMBOLDT: BAJAMUSHEN DA YA KARANCI DAJI YA KUMA KARE MUTUNCIN ƊAN ADAM

Daga wakilinmu

A filinmu na tarihin mashahuran mutanen duniya, yau mun kawo wa masu karatu labarin wani Bajamushe mai suna Alexander von Humboldt, wanda ya rayu daga shekarar 1769 zuwa 1859. Shi dai wannan mutum bai taɓa yin sarauta ba, bai kuma taɓa jan rundunar yaƙi ba, amma a zamaninsa sunansa ya game Turai da Amurka har ana sa shi a sahun sarakuna wajen shahara. Abin da ya jawo masa wannan ɗaukaka shi ne yadda ya ƙarar da ƙuruciyarsa da dukiyarsa wajen binciken dalilin da ya sa halittu suka bambanta daga wannan wuri zuwa wancan. Binciken nan ya kai shi ga fahimtar cewa kowane tsiro da kowace dabba suna da muhallin da ya dace da su, kuma rayuwar kowannensu a rataye take da ta sauran. Da wannan idon ne kuma ya dubi 'yan Adam, ya tsaya kai da fata a kan cewa bambancin launi da harshe da al'ada ba ya ɗora wata al'umma bisa wata. Ya faɗi haka ne kuwa a lokacin da bauta ke da ƙarfi a duniya, kuma masanan Turai da dama ke neman hujjar halatta ta.

Asali da ƙuruciya

An haifi Alexander von Humboldt a birnin Balin ran 14 ga watan Satumba na shekarar 1769. A wancan zamani ƙasar Jamus ba ta zama ɗaya ba tukuna, Balin kuwa ita ce hedkwatar masarautar Furushiya. Mahaifinsa hafsan soja ne wanda daga baya ya zama bafade a gidan sarauta, ya rasu a 1779 yaron yana da shekara tara. Daga nan sai renonsa da na wansa Wilhelm, wanda ya girme shi da shekara biyu, ya koma hannun mahaifiyarsu, mace mai dukiya, mai tsanani wajen tarbiyya. Ta ɗauko musu malamai na musamman suna koya musu karatu a gidansu da ke Tegel, bayan garin Balin, da nufin su zama manyan ma'aikatan gwamnati.

Wilhelm ya kasance mai saurin ɗaukar karatun littafi, shi kuwa Alexander hankalinsa yana waje. Da zarar ya sami sarari sai ya faɗa kurmin da ke kewaye da gidan, ya komo aljihunsa cike da ganyaye da ƙwari da duwatsu, har mutanen gida suka riƙa yi masa ba'a suna kiransa ɗan ƙaramin mai haɗa magunguna. Ya yi karatu a jami'ar Frankfurt da ke bakin kogin Oder, sa'an nan a jami'ar Gottingen a 1789. A wannan lokaci ne ya san Georg Forster, wanda ya taɓa kewaya duniya a jirgin ruwa tare da Kyaftin Cook na Ingila. A 1790 su biyu suka yi tafiya ta kogin Rhine zuwa Holan da Ingila, suka biyo ta Faransa, inda juyin juya hali ya cika shekara guda. Kiran 'yanci da daidaito da ya ji a birnin Faris bai bar zuciyarsa ba har ya tsufa.

Ma'aikacin gwamnati

Don ya bi umurnin mahaifiyarsa, Humboldt ya shiga makarantar koyon aikin haƙar ma'adinai ta Freiberg a 1791, a shekarar da ta biyo baya kuma gwamnatin Furushiya ta ɗauke shi aikin sufetan ma'adinai. Ma'aikata za su so su san irin riƙon da ya yi wa wannan muƙami. Yakan shiga ramukan da kansa tun da sassafe, ya ga halin da leburori ke ciki. Da ya lura gurɓatacciyar iska na hallaka su a ƙarƙashin ƙasa, sai ya ƙera wata fitila da ba ta saurin mutuwa inda iska ta yi ƙaranci, da wata na'urar taimakon numfashi, ya riƙa gwada su a kansa har ya taɓa suma a cikin rami. Ya kuma buɗe wa leburorin makarantar kyauta a ƙauyen Steben da kuɗin aljihunsa, ya rubuta musu littattafan karatu da kansa.

Ana ta ƙara masa girma, amma zuciyarsa na wajen ganin ƙasashe masu nisa. A watan Nuwamba na 1796 mahaifiyarsa ta rasu, ta bar masa gado mai yawa. Bai yi wata-wata ba ya ajiye aiki, ya shiga sayen kayan awo, yana koyon amfani da su wurin gwanaye. A Faris ya gamu da wani matashin likita Bafaranshe, masanin tsirrai, mai suna Aimé Bonpland, wanda ya zama abokin tafiyarsa. Yaƙe-yaƙen da suka dabaibaye Turai a lokacin suka rushe musu shiri bayan shiri, ciki har da niyyar zuwa Masar. Daga bisani suka nufi Madrid, inda Sarkin Sifen Carlos na Huɗu ya ba su takardar izinin shiga duk ƙasashen da Sifen ke mulka a nahiyar Amurka. Wannan kuwa alfarma ce da ba a cika yi wa baƙo ba, domin Sifen ta daɗe da rufe waɗannan ƙasashe ga idon 'yan waje.

Abin da ya gani a Kumana

Ran 5 ga watan Yuni na 1799 suka tashi daga tashar jirgin ruwa ta La Coruña, ɗauke da na'urori kimanin 40 na auna zafi da nauyin iska da tsawon duwatsu da matsayin taurari. Ran 16 ga Yuli suka sauka a garin Kumana, a ƙasar da ake kira Benezuwela a yau. Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Yawan itatuwa da furanni da tsuntsaye masu launi iri-iri ya ruɗa su, har suka riƙa ɗaukar wannan suna yar da wancan, ba su san na zaɓa ba.

Amma a garin nan ne kuma Humboldt ya ga abin da ya ɓata masa rai. Gidan da suka sauka yana kallon dandalin da ake sayar da bayin da aka kwaso daga Afirka. Kowace safiya yakan ga an fito da samari, an sa su shafe jikinsu da man kwakwa don fatarsu ta yi sheƙi, masu saye kuma na buɗe musu baki da ƙarfi suna duba haƙoransu kamar yadda ake yi wa doki a kasuwa. Tun daga ran nan ya ƙulla gaba da bauta, bai kuma sassauta ba har ƙarshen ransa.

A farkon 1800 suka kutsa cikin ƙasa, suka isa tafkin Balensiya, inda mazauna wurin ke kukan ruwan tafkin yana ja da baya, suna zaton wani rami ne a ƙarƙashi ke shanye shi. Humboldt ya auna, ya yi tambayoyi, ya gano cewa laifin na mutane ne. An sare kurmin da ke kewaye da tafkin don noman shuni da rake, an kuma karkatar da rafukan da ke zuba cikinsa zuwa gonaki. Ya bayyana cewa itatuwa ke ba ƙasa inuwa, su riƙe laima, su hana ruwan sama kwashe ƙasar noma, don haka idan aka sare su sai maɓuɓɓuga su ƙafe, ambaliya kuma ta yawaita. Saboda wannan bayani ake lissafa shi cikin mutanen farko da suka yi gargaɗin cewa aikin ɗan Adam na iya sauya yanayin wuri. Wanda ya san yadda saran itace ke jawo zaizayar ƙasa da gusowar hamada a yankinmu ba ya bukatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan gargaɗi.

Cikin kurmin Orinoko

Daga nan suka ratsa wani makeken fili mai ciyawa da zafin rana, inda a garin Kalabozo suka ga wani kifi mai wutar lantarki, mai aiki irin na minjiryarmu amma ya fi ta tsawo da ƙarfi. Mutanen wurin suka kora dawaki cikin kududdufi don kifayen su ƙarar da wutarsu a kansu, sa'an nan aka kamo wa baƙin su duba. Bayan wannan suka shiga kwalekwale suka bi kogin Orinoko, suka yi kusan wata huɗu suna tafiyar da ta kai kimanin kilomita 2,700 a tsakanin kadoji da damisoshi da sauro marar misaltuwa. Abincinsu ya ƙare har suka koma cin garin koko da tururuwa. A wannan tafiya ne suka tabbatar wa masanan Turai cewa akwai wani reshen ruwa mai suna Kasikiyare da ya haɗa Orinoko da kogin Negro, wanda shi kuma ke zuba cikin Amazon. Mazauna wurin sun daɗe da sanin haka, masu zanen taswira a Turai ne ke musu.

Abin lura a nan shi ne yadda Humboldt ya ɗauki 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa sunan Indiyawa suke kuma yi musu kallon mutanen daji. Shi ya mai da su malamansa. Ya ga suna iya rarrabe itatuwa ta hanyar tauna ɓawonsu kawai, alhali shi da ya gwada duk ɗanɗanonsu ɗaya ya ji. Ya zauna gaban wani tsoho a Esmeralda ya kalli yadda ake dafa dafin kibiya daki-daki, ya rubuta shi kamar yadda zai rubuta aikin wani masani a jami'a. Ya tattara kalmomin harsunansu masu yawa, ya kuma yi baƙin ciki da ya ji labarin wata ƙabila mai suna Atures da ta ƙare ƙaƙaf, har aka ce wani tsohon aku ne kaɗai ya rage yana maimaita waɗansu kalmomin harshenta, ba mai gane abin da yake faɗa. A wurinsa mutuwar harshe hasara ce ga duniya duka, kamar ɓacewar wani irin tsiro.

Darasin dutsen Cimborazo

Bayan sun yi 'yan watanni a tsibirin Kyuba, sai suka komo Amurka ta Kudu a 1801, suka bi kogin Magdalena zuwa Bogota ta ƙasar Kolambiya ta yau, inda wani dattijon masanin tsirrai mai suna José Celestino Mutis ya karɓe su hannu bibbiyu. Daga can suka kama hanyar duwatsun Andis. A wata mashiga mai wuyar bi da ake kira Kindiyo, al'ada ce matafiya masu hali su hau kujerar da aka ɗaura a bayan wani talaka ya goya su. Humboldt da Bonpland suka ƙi, suka taka da ƙafarsu cikin taɓo har takalmansu suka yayyage, domin ya ga ƙasƙanci ne mutum ya mai da ɗan'uwansa abin hawa.

Ran 23 ga watan Yuni na 1802 suka tasam ma dutsen Cimborazo da ke ƙasar Ikwado ta yau, wanda a lokacin ake zaton ya fi kowane dutse tsawo a duniya. 'Yan dako suka juya da aka isa iyakar dusar ƙanƙara. Mutum huɗu suka ci gaba, watau Humboldt da Bonpland da wani saurayi ɗan birnin Kito mai suna Carlos Montúfar da kuma baransu José. Suna rarrafe a kan siririn tudu, numfashi na yi musu wuya, dasashinsu na zubar da jini, amma Humboldt bai fasa tsayawa yana awo yana rubutawa ba. Bisa lissafinsa sun kai kusan mita 5,900 kafin wani rami mai zurfi ya tare musu hanya, ƙololuwar dutsen kuwa ta ɗara mita 6,200. Ba su kai ƙarshe ba, amma ba a san wani Bature da ya taɓa hawa sama haka ba kafin su.

Ribar hawan nan ta fi ta suna. Tun daga gaɓar teku har zuwa kan dutsen, Humboldt ya lura tsirrai suna sauyawa hawa-hawa. A ƙasa akwai itatuwa dangin kwakwa da ayaba da kurmi mai duhu, sama da su itatuwan da ke son sanyi-sanyi, sama kuma gajerun tsirrai da ciyawa, daga nan sai gansakuka manne da duwatsu, sai dusar ƙanƙara inda ba abin da ke tsirowa. Ya tuna da abin da ya gani a duwatsun Turai, sai ya gane cewa mai hawan dutse a ƙasa mai zafi kamar mai tafiya ne daga tsakiyar duniya zuwa ƙurewar arewa. Ashe bambancin tsirrai yana da dalili, watau zafi da sanyi da laima da irin ƙasa da tsawon wuri. Ya zana dutsen a babbar takarda, ya rubuta sunan kowane tsiro a daidai tsawon da ake samunsa, ya jera awon zafi da nauyin iska a gefe. An buga zanen nan tare da littafinsa kan yadda tsirrai suka rarrabu a doron ƙasa a 1807, kuma daga gare shi ne ilimin dangantakar halittu da muhallinsu ya sami ginshiƙi. Masanan da suka gabace shi sun fi mai da hankali ga raɗa wa kowane tsiro suna da sa shi a layinsa. Shi kuwa tambayarsa ita ce me ya sa tsiron yake nan, kuma da wa yake zaune.

Ya ci gaba zuwa Feru, ya ga ragowar hanyoyi da gine-ginen daular Inka, ya auna sanyin igiyar ruwan da ke bin gaɓar tekun Fasifik, wadda daga baya aka raɗa mata sunansa, ko da yake shi da kansa ya nuna cewa masuntan wurin sun san ta tun kafin a haife shi. A 1803 ya isa Meziko ya yi shekara guda yana binciken ma'adinai da ƙidayar jama'a da kayan tarihin mutanen Aztek. A hanyarsa ta komawa ya biya ta Amurka ya gana da Shugaba Thomas Jefferson. A watan Agusta na 1804 ya sauka Faransa, bayan shekara biyar, da samfurin tsirrai kimanin 60,000 na iri kusan 6,000, da yawa daga cikinsu masanan Turai ba su taɓa ganinsu ba.

Alƙalami a kan wariya da bauta

Humboldt ya zauna a Faris fiye da shekara ashirin yana rubuta sakamakon tafiyarsa, aikin da ya kai littattafai wajen 30 ya kuma cinye gadonsa kaf, domin shi ke biyan masu zane da masu ɗab'i. A 1817 ya fito da dabarar ja wa taswira layukan da ke haɗa wuraren da zafinsu ya zo ɗaya, dabarar da masu hasashen yanayi ke amfani da ita har yau.

A wancan zamani akwai masanan Turai, irin su Buffon na Faransa da Cornelius de Pauw, da suka yaɗa cewa komai na nahiyar Amurka, dabba ko mutum, raunanne ne kuma bai kai na Turai ba. Humboldt ya rushe wannan da hujja. A wani littafi da ya fara fitowa a 1810 ya buga zanen gine-gine da rubuce-rubuce da kalandar mutanen Aztek da Inka, ya ajiye su kafaɗa da kafaɗa da na tsoffin daulolin Masar da Asiya, don a ga cewa mutanen nan sun san lissafin taurari da tsarin mulki tun kafin zuwan Turawa. Ya ɗora alhakin talaucin da ya tarar da su a ciki a kan mulkin mallaka da ƙwace musu ƙasa. Bayanan harsunan da ya kawo kuma ya miƙa wa wansa Wilhelm, wanda ya kafa jami'ar Balin a 1810 ya kuma zama babban masanin harsunan duniya.

A 1826 ya fitar da littafinsa kan tsibirin Kyuba, inda ya kawo alƙaluman yawan bayi da irin wahalar da suke sha a gonakin rake, ya bayyana bauta a matsayin mafi munin masifun da suka taɓa samun ɗan Adam. Hukumomin Sifen suka hana littafin yawo a tsibirin. Shekara talatin bayan haka, a 1856, wani Ba'amurke mai goyon bayan bauta, John Thrasher, ya fassara littafin zuwa Turanci ya cire babin da ya yi magana kan bayi. Humboldt yana da shekara 86 a lokacin, amma bai yi shiru ba. Ya buga sanarwa a jarida yana tona asirin abin da aka yi, ya nuna cewa babin nan ya fi masa daraja bisa duk awon taurari da alƙaluman da ke cikin littafin. A 1857, da ƙoƙarinsa, Furushiya ta kafa dokar da ta ce duk bawan da ya taka ƙasarta ya zama ɗa. Haka kuma ya yi amfani da matsayinsa wajen adawa da dokokin nuna wa Yahudawan ƙasarsa bambanci.

Komawa Balin

Da kuɗinsa suka ƙare, dole ta sa ya amsa kiran Sarkin Furushiya ya koma Balin a 1827 ya zauna a fada yana karɓar albashi. Daga ƙarshen shekarar zuwa 1828 ya gabatar da laccoci 61 a jami'a, da waɗansu 16 a wani babban zaure inda ya buɗe ƙofa kyauta ga kowa. 'Yan sarauta da masu sana'ar hannu da ɗalibai da mata suka zauna wuri ɗaya suna saurare, alhali a lokacin ba a yarda mata su shiga jami'a ba. A 1829, yana dab da cika shekara sittin, ya amsa gayyatar gwamnatin Rasha ya yi tafiyar fiye da kilomita 15,000 ta duwatsun Ural da Saiberiya har iyakar ƙasar Sin.

Sauran rayuwarsa ya ba da ita ga babban littafinsa mai suna Kosmos, wanda a cikinsa ya yi niyyar bayyana duniya baki ɗaya, daga taurari har gansakuka, a matsayin abu guda mai sassa masu jingina da juna. Juzu'i na farko ya fito a 1845, mutane suka yi rububin sayensa, aka kuma fassara shi cikin harsuna da yawa. A ƙarshen wannan juzu'i ya faɗa ƙarara cewa 'yan Adam duka asalinsu ɗaya, ya yi watsi da ra'ayin cewa akwai jinsi maɗaukaki da jinsi maƙasƙanci, ya ce dukkansu an yi su ne don su rayu cikin 'yanci.

Ya kuma shahara wajen tallafa wa matasan masana da shawara da wasiƙun shaida, wani lokaci har da kuɗin da shi kansa ba shi da su. Charles Darwin na Ingila ya tafi da littafin tafiye-tafiyen Humboldt a jirgin da ya kewaya duniya da shi daga 1831. A cikin waɗanda suka tashi a inuwarsa har da Heinrich Barth, wanda kakanninmu suka sani da sunan Abdulkarim. Barth ya yi karatu a Balin, Humboldt na cikin dattawan da suka mara masa baya, ya iso Kano a 1851, ya koyi Hausa da Barbarci, ya kuma rubuta tarihi da cinikin ƙasashen nan da mutuntawar da ba a saba gani ba wurin matafiyan Turai na zamaninsa.

Inda ya gaza

An ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. A kogon Ataruipe da ke gefen Orinoko, Humboldt ya kwashi ƙasusuwan matattu daga makabartar 'yan ƙasar don bincike, alhali ya san masu yi masa jagora ba su yarda ba, ya ma yi ƙoƙarin ɓoye musu abin da ke cikin kayan. Yawancin ƙasusuwan nan sun nutse a teku kafin su isa Turai. Kafin tafiyarsa Rasha ya yi wa gwamnatin ƙasar alkawarin ba zai ce komai ba game da talakawan da ke ɗaure a gonakin iyayengijinsu, ya kuwa cika alkawarin. Ya yaba wa Jefferson ya kuma ba shi taswira da bayanai kan Meziko, alhali shi Jefferson ɗin mai bayi ne. Masana tarihi sun kuma nuna cewa wani ɗan Kolambiya mai suna Francisco José de Caldas, wanda suka gana a 1801, yana nasa binciken kan rarrabuwar tsirrai a duwatsun Andis, amma Humboldt bai ba shi yabon da ya cancanta ba. Zamansa a fada ma ya jawo masa zargi daga ɓangare biyu, fadawa na ganinsa mai ra'ayin juyin juya hali, masu neman sauyi na ganinsa bafade. Duk da haka, a watan Maris na 1848 ya fito ya bi gawar mutanen da sojojin sarki suka harbe a titunan Balin suna neman 'yanci.

Rasuwarsa

Humboldt bai taɓa yin aure ba. Ya rasu a Balin ran 6 ga watan Mayu na 1859, saura wata huɗu ya cika shekara 90, yana cikin rubuta juzu'i na biyar na Kosmos, wanda aka buga a 1862. Bai bar dukiya ba, abin da ya rage na littattafai da kayan gida kuma ya riga ya mallaka wa baransa da ya daɗe yana yi masa hidima. Dubban mutane suka raka gawarsa, aka binne shi a Tegel kusa da wansa. Abokin tafiyarsa Bonpland, wanda ya koma Amurka ta Kudu har ya yi kusan shekara goma a tsare a Faraguwai, ya riga shi rasuwa da shekara guda.

A yau akwai garuruwa da koguna da duwatsu da tsirrai da dabbobi masu yawa da ke ɗauke da sunansa. Jami'ar Balin ta koma amsa sunan Humboldt a 1949 don tunawa da shi da wansa, akwai kuma wata gidauniya mai sunansa da aka sake kafawa a 1953, wadda ke gayyatar masana daga ko'ina a duniya, har da Nijeriya, su je Jamus bincike.

Hausawa kan ce Allah ɗaya gari bamban. Humboldt ya yi shekara saba'in yana bin diddigin wannan bambanci da ma'auni da alƙalami, ya tarar kowane iri yana da dalilinsa da amfaninsa, a daji ko a cikin gari. Ɗalibin da ke shirin fita duniya, da ma'aikacin da aka tura aiki cikin mutanen da ba ya jin harshensu, suna iya ɗaukar hanyarsa: ya fara tambaya kafin ya yanke hukunci, ya kuma yarda cewa wanda ya tarar a wuri ya san abin da shi bai sani ba.